Gado a Cikin Motar Burodi

Kwana uku ke nan jakunkunan suna zaune a bakin ƙofar falo, a ɗaure tsaf, kamar baƙin da aka ce su jira maigida. Sista ta kwance ta ɗaure, ta sake kwancewa don ta ciro sabulu, ta mayar. Ranar Alhamis ce, rana ta huɗu a cikin kwana goma na hutun da ta yi shekara biyu tana roƙo a asibiti, kuma duk abin da ta gani na duniya a kwanakin nan bai wuce ƙeyar wata tsohuwar motar burodi da ke fake a tsakar gidanta ba.

Daga cikin motar ake jin gugar katako, shuu, shuu, ba gaggawa. Wannan ƙarar ita ce ta ishe ta.

Mijinta kafinta ne, kuma duk wanda ya taɓa ba shi aiki zai gaya maka abu biyu: kujerarsa har jikoki sai sun gada, amma kafin ta zo hannunka ka gaji da tsayuwa. Shi ya sa kaf layin ba mai kiransa da sunansa na yanka. Saura Kaɗan ake ce masa, domin ita ce amsarsa ga kowace tambaya. Tun yana ɓata rai har ya koma amsawa.

A asibitin suka haɗu, lokacin da aka kawo shi gyaran ƙofofin ɗakin da take jinya. Tagogin ɗakin duka bango suke kallo, wani dogon bango mai toka-toka wanda bai fi taku biyu da su ba. Rannan ta kawo masa ruwa, ta ce cikin wasa ita fa ta manta yadda nesa take, a wurin aiki bango, a gida bango. Bai yi dariya ba. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya juya takardar gugar katako, ya zana mota, a cikinta gado, a gefen gadon taga daidai inda filo yake. Ya ce wata rana za ta buɗe ido da safe ta ga ruwa har iyakar ganinta. A wannan tsayuwar zuciyarta ta tafi, ba ta ko yi shawara da ita ba. Takardar tana nan har yau a cikin jakar takardun makarantarta, ta ci gefen shaidar kammala karatunta da kaushinta.

Shekara bakwai ke nan. Motar kuwa bara ya saye ta a hannun wani mai gidan burodi, ya shigo da ita tsakar gida, ya faka ta a jikin bangon hagu, daga ranar ba ta sake motsi ba. Ya rataya labule a gilasanta, ya kafa doka ɗaya: Sista ba za ta leƙa ba sai an gama, don ba a nuna wa mutum kyautarsa tana tsirara. Ta ƙofar baya take miƙa masa abinci, hannu kawai take gani. A gefen motar take wanki duk Asabar, tana jin ƙamshin gam da fenti yana korar ƙamshin burodi a hankali.

Ta fita ta buga jikin motar da tafin hannu. Ya leƙo, garin katako a gemu, fensir a kunne, yana murmushin nan da ya cuce ta tun farko.

"Ranki ya daɗe." Haka yake ce mata in ya hango hadari a fuskarta.

Ya shiga jero mata: hannun durowa ɗaya ne bai zauna ba, sai wani ɗan ƙiiƙ da ƙofar kabad take yi, wanda in ba shi ba ba mai ji, amma shi yana ji. Ya ce tafiya irin wannan ba a yin ta da abu rabi da rabi. Ya buɗe baki zai faɗi kalmar nan tasa, ta ɗaga masa hannu.

"Gobe Juma'a. In rana ta yi tsaka motar nan tana nan, zan goge fararen kayana in koma aiki. Sauran kwanakin in ba wadda take buƙata. Kuma ba za ka sake jin maganar motar nan a bakina ba."

Murmushin ya ɗauke. Ya san matarsa. Abin da take mita a kai, tana sa rai da shi ne. Shekara biyu ta yi tana yi masa mitar kantar kicin, ran da ta yi shiru kuwa sai ga ta da kantar roba daga kasuwa, shuɗiya, mai ƙafa ɗaya gajeriya, ta kafa ta a gidan kafinta. Har yau in ya shiga kicin ba ya kallon wannan kusurwa.

Ya ce gobe, in Allah ya yarda. Ta ce Allah dai ya daɗe da yarda.

Washegari da hantsi Yaya ya iso da batir a kafaɗa. Wanta ne, direban tirela, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda bai taɓa ganin surukinsa ya ƙyale shi ba. Tun daga ƙofa yake tambaya ko yau ne za a yaye jaririyar, ko kuwa sai ta yi haƙora. Ya ce shi ya yi zaton kaji za a zuba a ciki. Ya ɗaura batir, ya duba mai da ruwa, ya harbi tayoyi da ƙafa, ya sa aka ƙara musu iska. Motar ta yi tari sau uku, ta tofar da baƙin hayaƙi a kan shanyar maƙwabta, ta tashi.

Sista ta ji ƙirjinta ya buga kamar ran da aka fara kiran sunanta a ɗakin jarrabawa. Yaya ya ja motar a hankali, ya fitar da ita ta ƙofar gida, ya tsayar a kan kwalta, shimfiɗaɗɗen titi sumul. A tsakar gidan sai ga inda ta tashi, wani dogon tabo mai duhu da ganyayen bara.

Saura Kaɗan ya sa riga mai tsabta. Ya ce ta rufe ido, ya kama hannunta, ya hau da ita.

Da ta buɗe, sai da ta dafa ƙofa. Wayyo, mutumin nan ya iya aiki. Katako mai ruwan zuma ya lulluɓe ko'ina, santsi kamar kuncin jariri. A jikin bangon hagu ga durowoyi shida a jere, a samansu ɗan teburi da risho da kwanon wanke hannu mai famfo. Ga maratayin kofuna, kowane kofi da gurbinsa. Can ƙarshe ga gado na mutum biyu, da katifa sabuwa, kuma a gefen hagu, daidai filo, ga tagar. Ya yi mata har da ɗan labule ruwan ƙwai. Ba abin da ya manta a cikin zanen nan, ko ɗigo. Idonta ya kawo ruwa. Ta ji duk haushin kwana huɗu yana narkewa, har ta fara jin kunyar kalamanta na jiya.

Sai durowar farko ta buɗe da kanta.

A hankali ta fito, ba ƙara, don ya goge hanyarta da kyandir har ta fi ruwa santsi. Ya mayar da ita da gwiwa yana dariyar yaƙe. Ta biyu ta fito. Ta uku ta biyo ta. Lemon da ya jera a kan teburi don ado suka gangaro ɗaya bayan ɗaya, suka faɗo, suka taru a jikin bangon dama kamar an kira su taro.

Sista ta je ta kwanta a kan gadon, ta sa kanta a filo, ta juya wajen tagar. Sai ta ji jikinta yana zamewa, kaɗan kaɗan, yana barin tagar, har bayanta ya kusa kai ɗaya bangon. Ta riƙe gefen katifa ta jawo kanta. Ta saki, ta sake tafiya.

Shi kuwa ya riga ya ɗauko ma'auninsa. Wata doguwar sanda ce ta katako da 'yar kwalba a tsakiya, a cikin kwalbar ruwa da kumfa guda. In kumfar ta tsaya tsakanin layi biyu, abu ya daidaita. Gadonsa ne daga maigidan da ya koya masa aiki, kuma ya sha gaya mata ido maƙaryaci ne, kumfa ce kaɗai ba ta ƙarya. Ya ɗora a kan teburi, kumfa ta gudu hagu. Ya ɗora a kan gado, ta gudu hagu. Kan kabad, kan durowa, kan kwanon wanke hannu, ko'ina hagu, kuma daidai gwargwado, kamar sun haɗa baki.

Ya rantse ya auna kowane katako ya fi sau ɗari. Ya ce tun ranar farko ya lura ƙasan motar ya karkace, ya ɗauka nauyin burodin shekaru ne ya lanƙwasa shi, shi ya sa ya bi komai ya sa masa ƙafa, hagu ta fi dama tsawo da inci uku, har sai da kumfa ta zauna daram. Wata biyu wannan gyaran kaɗai ya ci masa.

Yaya, da ke tsaye a ƙofa yana ɓare ɗaya daga cikin lemon, ya tambaya a hankali, "Injiniya, a ina motar take tsaye lokacin da kake wannan awon?"

"A tsakar gida mana."

Sista ta tashi zaune. Ba sai an ƙarasa mata ba. Duk Asabar ɗin duniya tana zubar da ruwan wanki, tana kallonsa yana bi ta ƙarƙashin motar, yana gangarawa hagu zuwa rariyar da ke gindin bango. Ita da bakinta ta tsaya a kan magini shekarar da suka tare, ta ce ya karkata mata simintin sosai, ba ta son ruwa yana kwana a gida yana tara sauro. Motar lafiyarta ƙalau. Ƙasar da ta tsaya a kai ce a karkace, shi kuma ya zauna shekara guda yana daidaita gado da tsakar gida. Da ya bar ta ta hau sau ɗaya, sau ɗaya tak, ko ya tambaye ta, da ta gaya masa tana tsaye da bokiti a hannu.

Yaya ya yi dariya har sai da ya zauna a bakin titi. Ya ce ai shi ke nan, an yi motar da ba ta da lafiya sai a gida, sai a mayar da ita, a riƙa zuba ruwa a rariya Sista tana kallo ta taga. Da ya ga ba wanda ya taya shi, ya share ido, ya ce abin ba na tashin hankali ba ne. Su direbobi in za su kwana a wuri marar daidai, katako suke sa wa taya. A samu falanki biyu, duk inda aka tsaya a hau da tayoyin dama a kai, magana ta ƙare.

Saura Kaɗan ya girgiza kai. Ya ce shi, ɗan gidan maigidansa, ya yi gadon da sai an yi masa tallafi da falanki kamar teburin mai shayi? Mutane su wuce su gani? Ya buɗe akwatin aiki, ya ɗauko sukudireba, ya durƙusa a gaban gadon. Ya ce ba wani abu ba ne, zai kwance komai ya rage ƙafafun. Sati uku. In ya matsa, biyu.

"Saura..." Ya haɗiye sauran.

Sista ta sauko daga gadon ta tsaya a kansa.

"Kullum a asibiti ina daidaita wa mutane gado da abin da na samu. In cusa filo, in naɗe tawul. Ba wanda ya taɓa ce mini in kawo kumfa. So suke su kwanta. Ni ma so nake in kwanta in ga ruwa, Maigida, ko a karkace ne."

"Ba haka na zana miki ba."

"Na san abin da ka zana. Shekara bakwai ina kwana da takarda."

Bai ɗago ba. Ya sa bakin sukudireba a kan noti na farko. Ta tsaya tana kallon hannunsa, hannun nan da take so, mai tabon zarto a babban yatsa. Ya murɗa rabin zagaye.

Ta sauka, ta tsallake jakunkunan da ke bakin ƙofa, ta shiga ɗaki. Ta ciro farar rigarta ta aiki, ta shimfiɗa a kan teburi, ta kunna dutsen guga. Ba ihu take son yi ba, so take ta fasa wani abu, amma duk abin da ke ɗakin shi ya yi, kuma ba ya fasuwa. Ta goge wuya, ta goge hannu ɗaya. Hawaye ya ɗiga a kan aljihu, dutsen ya bi ta kai ya yi cuu. Ba ta san wa ta fi jin haushi ba, shi da kumfarsa, ko ita da ta yi shekara tana zuba ruwa a ƙarƙashin mafarkinta ba ta taɓa ɗaga labule ba don kada ta ɓata masa rai.

Daga waje ta ji zarto ya fara ci. To, ya fara yanke ƙafafun ke nan. Ta duba agogon bango, sha biyu saura kwata. Ta juya rigar ta kama bayanta.

Zarton ya yi shiru. Sai ta ji wata ƙarar, wadda ta fi sani a duniya: shuu, shuu. Sannan muryar Yaya ta taga, yana cewa ta fito da sauri ta ga ikon Allah, kafin mutumin nan ya ɗauko fenti.

A bakin titi ta same shi durƙushe. Falanki biyu ne a gabansa, masu kauri, ya fere bakin kowanne yadda taya za ta hau ba wahala. Notin gadon ya mayar da shi. Amma ga shi nan da takardar guga a hannu, yana bin gefen falankin da za a taka da taya a cikin laka, yana shafawa da yatsa yana sake gogewa.

Ta fizge takardar. Ya ɗago ido, ya yi tsuru-tsuru.

"Gefen yana da..."

"Ɗauki jakunkuna."

Ya tashi ya ɗauka. Ita kuma ta buɗe akwatinta na magani, ta ciro naɗin bandeji uku, ta bi hannayen durowoyin nan shida ta ɗaure su da maratayin kofuna, ɗaurin da take yi wa karaya. Ya tsaya yana kallon katakonsa mai ruwan zuma a naɗe da farin ƙyalle kamar wanda ya yi haɗari. Ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Ma'aunin kuwa tana wucewa ta ɗauke shi daga kan gado, ta kai ɗaki, ta ajiye kusa da rigar da ta goge rabi, ta kashe dutse, ta kulle ƙofa. Yaya ya karɓi makullin gida, ya ce in an dawo a kawo masa tsarabar kumfa.

Babban tafkin da suka yi shekaru suna ambata kwana biyu ne a mota, kuma kwanakin da za su isa zuwa da dawowa da zama an riga an goge su da takardar guga. Suka nufi wani kogi da Yaya ya kwatanta musu, tafiyar awa uku. A hanya kofuna suna kaɗawa, lemo yana yawo a ƙasa, duk ramin da suka faɗa sai ya runtse ido kamar shi aka taka. Sau biyu ya fara bayanin yadda zai gyara in sun koma, sau biyu ta ƙara muryar rediyo.

Rana ta yi sanyi suka isa. Wuri ne shimfiɗaɗɗe a ƙarƙashin wasu dogayen itatuwa, ba kowa sai wani mai kamun kifi can nesa. Ta sauka ta jera falankin a gaban tayoyin dama, ta koma gefe tana yi masa alama da hannu: taho, taho, tsaya. Motar ta hau ta karkata hagu, yadda ta saba tsayuwa a gida. Daga waje kamar mai ciwon ƙugu. Daga ciki kuwa lemo ya tsaya inda aka ajiye shi.

Ta ga yana laluben bayan kujera, yana ɗaga katifa. Ta bar shi ya gama nema.

"Yana gida," ta ce. "Kusa da rigata."

Ya zauna a bakin gado, hannuwansa a kan gwiwa, ba su san abin da za su yi ba. Ta kunna risho ta dafa shayi, ta zuba a kofin gilashi, ta ajiye masa a kan teburi. Sai da ta ajiye ta gane abin da ta yi. Shayin ya kwanta a cikin kofin, gefen dama ya ɗara na hagu, da kaɗan, bai fi kaurin farce ba. Ya gani. Ta ga ya gani. Idonsa ya tafi kan akwatin aiki, inda ta san akwai 'yan siraran katako da za a iya cusawa a ƙarƙashin falanki. Ta ji haushin nan yana sake tasowa daga cikinta, ta dafa teburi tana jira.

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, ya hura, ya shanye rabi da zafinsa.

Ta hau gadon. Har yanzu yana ɗan janta baya, sai ta naɗe tawul ta cusa a bayanta, ta sa kai a filo, ta zuge ɗan labulen. Ruwa ne, mai launin ƙasa, yana tafiya a hankali da wani reshe a bayansa. Bai kai iyakar gani ba. Ana hango ɗaya gaɓar sarai, har da turken wutar lantarki da wata akuya. Amma tsakaninta da turken nan akwai nisa, nisa na gaske, kuma iska tana shigowa da ƙamshin laka.

Ya matso ya leƙa ta saman kafaɗarta, ya ce a hankali wannan ba irin ruwan da ya yi mata alkawari ba ne.

"Matsa, kana tare mini haske."

Ya matsa, ya kwanta a bayanta, inda gangarar take kai mutum. Can sai bandejin durowa ta huɗu ya saki. Suka ji ta tana fitowa a hankali, santsi, har ta kai ƙarshe ta tsaya, cokula suka yi ƙara. Ta ji jikinsa ya ɗaure zai tashi. Ta kai hannu baya ta riƙe masa riga, idonta na kan ruwan.